Haƙƙin Rigar Ƙungiya a Kan Matashin da Ya Sanya Ta

Kayan ƙungiya, waɗanda a bakin jama'a ake kira yunifom ko kaki, su ne tufafin da wata ƙungiya ta amince 'ya'yanta su riƙa sanyawa iri ɗaya a lokacin aiki, domin a gane su daga nesa, a kuma bambance su da sauran mutane. A ƙasar Hausa a yau da wuya a yi wani babban taro ba a ga matasa cikin irin waɗannan kaya ba. Akwai 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a shekarar 1962, a zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da na Fityanul Islam, da na ƙungiyar Izala wadda aka kafa a Jos a 1978; akwai 'yan sikawut a makarantu, da Boys' Brigade da Girls' Brigade a majami'u, da masu aikin sa-kai na Red Cross, sannan ga masu yi wa ƙasa hidima da ake rarrabawa jihohi kowace shekara. Duk da bambancin manufa da launin tufafi, abu guda ya haɗa mafi yawansu: ba su riƙe da makami, ba su da ikon kama kowa, kuma da yawansu ko sisi ba a biyansu. Jarin da suke aiki da shi kaɗai shi ne yardar jama'a, ita kuwa wannan yarda ta kan rigar take bi kafin ta iso ga mai rigar.

Sanya tufa domin nuna muƙami da nauyin da aka ɗora wa mutum ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa ana gane dogarin sarki da babbar rigarsa mai ja da kore da kuma jan rawaninsa, har ta kai idan ya tsaya a ƙofar gida ba sai ya faɗi wanda ya aiko shi ba. Rawani kansa yana da ƙa'ida, domin naɗin malami daban, na basarake daban, kuma a fadar Kano ba kowa ne ke fitar da kunnuwa biyu a rawaninsa ba sai wanda yake jinin gidan sarauta. A zamanin mulkin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawan mulkin mallaka suka riƙa mulki ta hannunta, an sami 'yan doka da nasu kayan, kafin a haɗe su cikin rundunar 'yan sandan Najeriya bayan juyin mulkin 1966. Abin lura a duk waɗannan shi ne, al'umma ta daɗe da fahimtar cewa akwai tufar da mutum ke sanyawa a madadin kansa, akwai kuma wadda yake sanyawa a madadin wani abu da ya fi shi girma, kuma hukuncin biyun ba ɗaya ba ne.

Su kuwa kayan ƙungiyoyin matasa irin na zamani, asalinsu daga Birtaniya ne. A shekarar 1883 wani malamin makarantar Lahadi mai suna William Alexander Smith ya kafa Boys' Brigade a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, da tunanin cewa yaran da ke gagarar malamai a aji za su natsu idan aka jera su a fareti. A shekarun farko kayan ƙungiyar ba su wuce hula da bel da 'yar jakar ratayawa ba, waɗanda yaro ke ɗorawa a kan tufafinsa na yau da kullum, domin kada tsada ta hana ɗan talaka shiga. Bayan haka sai Robert Baden-Powell, wani hafsan sojan Birtaniya wanda ya taɓa zuwa yaƙin Ashanti a ƙasar da ake kira Ghana a yau, ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea a 1907, wasu daga gidajen masu hali wasu daga gidajen ma'aikata, ya zauna da su a sansani guda. Daga nan aka haifi ƙungiyar sikawut, wadda ta iso Najeriya a 1915. Baden-Powell ya ɗauko fasalin kayan 'yan sikawut, wato riga mai aljihu biyu da ƙyallen wuya da malafa mai faɗin baki, daga kayan rundunar tsaro da ya kafa a Afirka ta Kudu, kuma daga cikin dalilan da ya bayar akwai cewa tufa iri ɗaya tana rufe bambancin arziki tsakanin yara.

Wannan dalili yana nan da ƙarfinsa, musamman a al'ummar da ake auna mutum da tsadar shaddarsa da irin aikin da ke wuyan rigarsa. A ranar Sallah ɗan attajiri da ɗan mai faskare ba sa fitowa da kaya iri ɗaya, amma idan dukansu 'yan agaji ne, to a filin Idi babu mai iya rarrabe su, kuma mai yiwuwa ɗan mai faskaren ne ke ba da umarni saboda ya riga shiga ko ya fi ƙwazo. Haka abin yake a shirin yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 domin ɗinke ɓarakar da yaƙin basasa ya bari: a sansanin horo na mako uku, wanda ya karanta likitanci da wanda ya karanta tarihi, ɗan Sakkwato da ɗan Kalaba, duk farar riga da gajeren wando ko kaki suke sanyawa. Saboda haka matashin da ya je wurin tela ya sauya ɗinkin kakinsa domin ya fita daban, ko ya ɗora agogo mai walƙiya da tabarau na ƙawa a kai, ya rushe ainihin hikimar da ta sa aka ɗinka kayan, domin ya dawo da gasar da aka so a ajiye a ƙofa.

Sai dai babban al'amari game da rigar ƙungiya shi ne cewa mutuncin da ke tattare da ita ba mai sanye da ita ne ya tara shi ba. A dubi abin da ke faruwa a filin Idi bayan an sallame, lokacin da dubban mutane suka miƙe a tare, takalma suka cakuɗe, ƙura ta tashi, masu babura suka cika hanya. Yaro ɗan shekara biyar ya saki hannun wansa, ya tsaya yana kuka da 'yar sabuwar hularsa a hannu, sai wani dattijo ya kama shi ya waiga, ya tsallake mutane da yawa masu manyan riguna, ya miƙa shi ga wani saurayi mai ɗamara da usur a wuya, wanda bai taɓa gani ba, bai san sunansa ko unguwarsu ba, ya juya ya tafi hankalinsa kwance. Dattijon bai san komai game da halin saurayin ba. Abin da ya sani shi ne, shekara da shekaru masu irin wannan riga suna gyara sahu, suna tsare ababen hawa a wurin tafsiri cikin azumi, suna ɗaukar kayan tsofaffi a sansanin alhazai, suna kwana a asibiti da marasa lafiyan da ba su da kowa. Waɗancan ne suka yi wahalar, shi kuwa saurayin ranar da ya sa rigar ya tarar da yardar a shirye. Abin da mutum ya karɓa bai biya ba, kuma za a nemi ya miƙa shi ga na bayansa, sunansa amana.

Kamar yadda alherin magabata ke bin rigar, haka laifin mai ita ke komawa kanta. Idan saurayi cikin kayan gida ya zagi dattijo, za a ce ɗan gidan wane ba shi da tarbiyya. Idan ya yi hakan cikin kayan ƙungiya, babu mai tambayar sunansa, sai dai a ce 'yan agaji ko 'yan sikawut ba su da mutunci, maganar kuma ta bi gari ta shafi ɗaruruwan da ba su ji ba ba su gani ba. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma da wuya a sami inda karin maganar ta fi dacewa kamar a kan mutanen da suka zaɓi su yi kama da juna da gangan.

Daga nan ne ake gane cewa ƙa'idojin sanya kaya, waɗanda wasu matasa ke ɗauka a matsayin takurawar kwamanda, suna da tushe. Cikar kaya ita ce farko: riga da wando na ƙungiya, da bel, da hula, da safa, da takalmi sau-ciki, kowanne a inda aka ce a sa shi. Rabin kaya, wato a sa rigar ƙungiya a kan wandon jins, ko a cika ɗamara a sama a ƙare da silifas a ƙasa, ya fi rashin sa kayan muni, domin mai kallo ba zai san ko mutumin yana bakin aiki ba ne ko kuwa rigar wansa ya ɗauko. Yin zanzaro, wato cusa ƙasan riga cikin wando, da ɗaure bel daidai ƙugu, da ɓalla maɓallan aljihu, duk suna da amfanin da ya wuce kyan gani, domin wanda zai ɗauki mara lafiya a kan gadon ɗaukar majinyata, ko ya kutsa cikin cunkoso, ko ya tsallake kwata da gudu, ba ya bukatar riga mai reto da za ta maƙale a ƙofar mota. Takalmi rufaffe shi ke kare ƙafa daga fasasshen gilashi da jini a wurin haɗari, abin da silifas ba zai yi ba. Ƙyallen wuyan 'yan sikawut, wanda ake yankawa mai kusurwa uku, an yi shi ne a kan girman da zai iya zama maratayin karyayyen hannu ko maɗaurin rauni, ko a rufe hanci da shi a cikin hayaƙi da ƙura. Wanda ya rage girmansa domin ado ya mai da kayan aiki abin wasa. Haka nan yayin da ake yayin matsattsen ɗinki, matashin da ya sa tela ya tsuke masa wando har ba ya iya tsugunawa ya manta cewa mafi yawan aikin taimakon gaggawa a durƙushe ake yin sa.

Tsafta kuwa ba ta da alaƙa da arziki kamar yadda ake zato. Ana iya ganin kaki da ya shekara biyar, launinsa ya koɗe, gwiwarsa ta sha ɗinki, amma saboda mai shi ya wanke shi tun jajibere, ya shanya shi a inuwa bayan ya juya cikinsa waje don kada rana ta ci launin, ya hura gawayi a dutsen guga ya yayyafa ruwa ya fitar da karin wando da na hannun riga, ya goge takalmi har yana ɗaukar ido, sai ya fi sabon da aka ciro a cukurkuɗe daga ƙarƙashin katifa kwarjini. Rashin wutar lantarki ba hujja ba ce a garin da kowace unguwa ke da mai wanki da guga. Abin da ke bayan wannan ɗawainiya shi ne horon kai, domin saurayin da ya saba shirya kayansa tun dare, ya duba maɓallin da ya tsinke ya ɗinke shi da hannunsa, shi ne dai wanda zai tuna ya duba akwatin magani kafin a fita, ya tabbatar akwai bandeji da auduga da safar hannu. Aski da yanke farce da wanke baki suna cikin lissafin, tun da aikin na kusantar mutane ne, wani lokaci ma a taɓa rauninsu.

A nan akwai haƙƙi a kan shugabanni, kuma bai kamata a ɗora wa yara laifin da na manya ba ne. Ƙungiyar da ta zaɓi yadi mai tsada, ko take sauya fasalin kaya duk bayan shekara biyu, ko ta mai da sayar da bajo da hula hanyar samun kuɗi, ita ce ta jawo rabin kaya a sahunta. Hikimar Smith ta farawa da hula da bel tana nan ga mai son ɗauka: a sauƙaƙa abin da ake bukata, a sayi yadi a dunƙule daga Kantin Kwari ko wata babbar kasuwa domin launi ya zo ɗaya kuma farashi ya sauka, a ba sabon shiga wa'adin da zai kammala kayansa, a kuma tanadi ma'ajiya inda wanda ya girmi rigarsa zai ajiye ta domin na ƙasa da shi. Kwamandan da ya kori yaro daga fareti a gaban jama'a saboda ba shi da takalmi, alhali bai taɓa tambayar halin gidansu ba, ya tsare ƙa'ida ya yar da manufarta.

Batun bajo da lambobin girma yana bukatar taka-tsantsan na musamman. Bajo shi ne alamar da ake ɗinkawa ko maƙalawa a riga domin nuna ƙungiya, ko reshe, ko wata ƙwarewa da mutum ya ci jarrabawarta, kuma kowanne yana da ma'ana. Alamar sikawut ta duniya, alal misali, fure ne mai ganye uku da ke nuni ga sassa uku na alkawarin ɗan ƙungiya, wato haƙƙin Ubangiji, da haƙƙin sauran mutane, da haƙƙin kai, an kewaye shi da igiya mai ƙulli domin nuna 'yan'uwantaka. Wanda ya maƙala bajon taimakon gaggawa bai koyi aikin ba ya yi ƙarya da ƙirjinsa, kuma ranar da aka yi haɗari shi za a tura gaba, ran wani kuma ya rataya a kan abin da bai sani ba. Haka igiya a hannun riga da anini a kafaɗa, waɗanda wasu ke saya a kasuwa su jera domin a sara masu. Mafi hatsari shi ne kwaikwayon kayan sarki, domin dokar Najeriya ta hana farar hula sanya kayan soja ko abin da ya yi kama da su har ya rikita mutane, kuma a wannan zamani da miyagu ke shiga kaki su tare hanya, yaron da ya ɗora wando mai dabbare-dabbare a kan rigar ƙungiyarsa yana iya jawo wa kansa abin da ya fi duka. Alamar Red Cross ma tana da irin wannan kariya: an amince da ita a yarjejeniyar Janeba ta 1864 domin ta kare masu jinya a fagen yaƙi, an kuma amince da jan jinjirin wata a 1929 bayan Daular Usmaniyya ta daɗe tana amfani da shi, kuma ba a yarda kowa ya liƙa su yadda ya ga dama ba, saboda idan alamar ta zama ta kowa, to ta daina kare waɗanda aka yi ta dominsu.

'Yan mata da ke cikin waɗannan ƙungiyoyi suna da nasu tsari, kuma mafi yawan ƙungiyoyin da ke aiki a Arewa sun daidaita kayan mata da sutura irin ta addini da al'ada, ta hanyar hijabi ko ɗankwali mai launin ƙungiya da doguwar riga ko siket. Hukuncin dai ɗaya ne: launin da aka tsayar, da tsawon da aka tsayar, ba tare da tarin awarwaro da zobba da dogon farce da za su hana sa safar hannu ba. Bukatar su a fili take, domin a taron mata, da ɗakin haihuwa, da ɓangaren mata na sansanin alhazai, akwai inda namiji ba zai shiga ba komai ƙwarewarsa.

Saura batun alfahari, wanda ke da gaɓa biyu da ake faɗawa. Ta farko ita ce kunya: saurayi ya naɗe kakinsa a leda, ya fita da kayan gida, sai ya isa wurin taro ya laɓe bayan masallaci ya sauya, don kada abokansa na majalisa su yi masa dariya su ce ya zama sojan da ba albashi. Idan shugabanni ne suka ba da umarnin a ɓoye kaya a kan hanya saboda matsalar tsaro, wannan hankali ne kuma wajibi ne a bi. Amma idan tsoron ba'a ne kawai, ya kamata matashin ya tambayi kansa wane ne ya fi cancantar jin kunya tsakanin wanda ya tashi da asuba domin ya tsare takalman masallata da wanda ya wuni a kan benci yana ƙirga motocin mutane. Gaɓa ta biyu ita ce girman kai, kuma ta fi ta farko ɓarna. Akwai wanda da zarar bel ya kama ƙugunsa sai muryarsa ta sauya, ya riƙa daka wa sa'annin mahaifinsa tsawa, ya ɗaga bulala a kan almajirai da masu talla, ya buɗe hanya ga mai babbar mota ya tare mai keke. Irin wannan ya ɗauka rigar ta ɗaga shi sama da jama'a, alhali ita ta sanar da jama'a ne cewa ga wanda za su iya sa aiki. Alfaharin da ake nema shi ne na mutumin da ya tsaya a miƙe, kayansa tsaf, fuskarsa a sake, yana cewa "Baba, a yi haƙuri a bi ta nan" ko "Hajiya, kawo kayan a riƙe maki," wanda ko an zage shi ba ya ramawa, saboda ya san ba da bakinsa kaɗai zai rama ba.

Sanin inda ake cire kaya yana daidai da sanin yadda ake sa su. Rigar ƙungiya ba ta zuwa gangamin siyasa, sai idan ƙungiyar ce da kanta ta tura 'ya'yanta aikin agaji a wurin, domin ranar da aka ga mai ita yana ɗaga tutar wata jam'iyya, rabin gari sun daina ganinsa a matsayin na kowa. Ba a zuwa karɓar bashi da ita, ba a shiga rigimar unguwa da ita, ba a tsayawa a titi a nemi na goro da ita, ba a kuma ara wa aboki ita don ya shiga inda aka hana shi. Wayar hannu ta ƙara faɗaɗa wannan nauyi, tun da bidiyon daƙiƙa talatin da aka ɗauka ana rawa ko ana zagi cikin kaki, aka ɗora a TikTok ko Facebook, yana kai wa ga mutanen da ba su taɓa ganin aikin alherin ƙungiyar ba, kuma ba ya goguwa. Idan kuwa mutum ya bar ƙungiya, ko don karatu ko aure ko saɓani da shugabanni, abin da ya dace shi ne ya mayar da katin shaida da bajo da lambobin girma ga reshensa, a rubuta cewa ya mayar. Tsohuwar riga da za a bayar sadaka ko a mai da ita tsumma, a fara farke duk wata alama da ke jikinta, domin kakin da ya faɗa hannun dillalan gwanjo da bajonsa a kai yana iya ƙarewa a jikin ɓarawon babura a ƙofar masallacin Juma'a, kuma mutane za su miƙa masa makullansu da hannunsu.